Sandar da Ilu Ya Zaɓo a Maigatari

A Gagarawa Tasha idan ka ce Ilu sai an tambaye ka wanne, amma idan ka ce Ilu Mai Fatsa, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka gidan. Mu ƙasarmu ba kogi ba gulbi. Rairayi ne da gero da riɗi, sai rijiyoyin da guga kan gaji kafin ya taɓa ruwa. A irin wannan wuri mutum ya ce shi masunci ne, ai dole a yi masa dariya. An kuwa yi, ni ma na yi tawa. Shagon ɗinkina yana bakin hanyar da yake bi, saboda haka ina ganin wucewarsa tun gemunsa na baƙi har ya koma fari.

Mahaifinsa mutumin bakin kogin Haɗeja ne, aikin layin dogo ya kawo shi tasharmu ya zauna. Da ya rasu bai bar wa Ilu abin kirki ba sai 'yar gona, da gwangwanin ƙugiyoyi, da ƙwaɗayin ruwa. Ilu ya koyi facin taya, da shi ya yi aure, da shi ya ciyar da iyali. Amma faci sana'ar ciki ce kawai a wurinsa, zuciyarsa tana Ramin Kamfani.

Ramin Kamfani wani ƙaton rami ne a bayan gari, inda masu aikin hanya suka ɗebi ƙasa suka tafi abinsu. Damina takan cika shi, ya riƙe ruwa har bayan an gama girbi. Ilu ne ya fara zuba masa kifi. Kowace shekara idan ruwa ya zauna sai ya hau babur har Haɗeja, ya dawo da 'ya'yan tarwaɗa a jarka ya juye. Mai unguwa ya kafa doka cewa ba mai jefa raga sai ruwa ya ja baya an sa ranar su, ranar da kowa zai shiga ya kama rabonsa. Kafin ranar, fatsa kaɗai aka yarda da ita, kuma duk garin ba mai haƙurin fatsa sai Ilu.

Yana da yadda yake ɗaura kayansa. Ƙasan ramin taɓo ne mai laushi, idan ƙugiya ta faɗi ƙasa sai ta nitse da tanar, kifi bai gani ba. Sai yake ɗaura tsohon fulogin babur a can ƙarshen zaren, ƙugiyar kuma sama da shi kamar taƙi guda. Fulogi ya kwanta a taɓo, tana ta tsaya a samansa tana motsi. Ba ya amfani da sanda. A gwangwanin madara yake naɗe zaren, ya wulwula fulogin ya jefa, sannan ya ɗora zaren a kan yatsansa ya zauna. Da kifi ya taɓa tanar sai ya ji a yatsa ya fizga. Yatsan nan shi ne idonsa a cikin ruwa.

To, ciwon suga da ya zo, ta yatsun ya shigo. Ilu bai faɗa wa kowa ba. Mu dai mun lura jakar buhunsa ta fara dawowa ba nauyi, shi kuma yana ɗora wa kifi laifi, wai kifin zamani ya yi wayo. Kafaɗa ma ta ƙi, jifan da yakan kai tsakiyar rami ya koma faɗuwa a gefe. Asiri ya tonu ne ranar da matarsa Zinariya ta ga jini a gaban rigarsa. Ta kama hannunsa ta duba, sai ga ƙugiya ta shige yatsan har wuya, tun daga bakin rami yake tafe da ita bai sani ba.

Ɗansu Habibullah, mai shagon kayan waya a Gumel, ya zo a ranar. Ya ce likita ya riga ya faɗa, mai wannan ciwo ba ya wasa da rauni, ba ya taka taɓo. Ya ce akwai ɗaki a gidansa, ga asibiti kusa, su tattara su koma. Ilu ya ce ba inda za shi. Aka yi ta ja, Zinariya na kuka, har Ilu ya gaji ya yanke magana da kansa.

"Ku bar mini wannan shekarar. In har aka yi su ban kawo kifin da zai shiga tukunya da hannuna ba, na bar fatsa, ku kai ni inda kuka ga dama."

Habibullah yaro ne mai tausayi, bai so a ce ya fi ƙarfin mahaifinsa ba. Ya nuna masa a waya wani mutum a wata ƙasa yana kamun kifi da sanda mai abin naɗe zare, irin kwarkwaron keken ɗinki amma babba, da hannun juyawa. Sandar ce ke yin jifan, ba sai kafaɗa ta wahala ba. Ilu ya ƙura ido, ya ga mutumin ya ɗaura dalma a ƙasa, ƙugiya a sama, sai ya ce ashe su ma sun gano. Habibullah ya ce ya ji ana samun irin sandar a wajen masu gwanjo a Maigatari, ya je ya zaɓa, shi zai biya.

Ranar Alhamis ta kasuwa Ilu ya tafi da amininsa Hamma, wani Bafulatani makiyayi daga wajen Sule Tankarkar. Ilu ya ce tunda maganar sanda ce, wa ya fi Bafulatani saninta? A nan gizo ya yi saƙa. Mai gwanjon, wani Ɗantsoho mutumin Damagaram, ya zaro musu sanduna biyu daga ƙarƙashin tarin takalma. Shi kansa bai san kansu ba, a cikin dila ya tsince su. Ɗaya siririya ce mara nauyi, bakinta na rawa ko numfashi ka yi kusa da ita, da ɗan ƙaramin kwarkwaro. Ɗayar kuwa kauri gare ta kamar ƙotar fartanya, kwarkwaronta ya kai butar shayi.

Hamma ya yi musu gwajin da ake yi wa sandar kiwo. Ya dafa kowace a ƙasa ya jingina nauyinsa. Siririyar ta lanƙwashe kamar za ta karye, ya yi tsaki ya ce wannan ai tsumagiyar malamin allo ce. Mai kaurin ko gezau. Ilu ma abin da ya sani ke nan, duk icen da ya taɓa saya a duniya, ƙota ce ko azara, wanda bai lanƙwasa ba shi ne na kirki. Ya ɗan riƙe siririyar, ya ce ta yi masa daɗi a hannu, amma Hamma ya ce tsoho da sanda mai rawa ai abin kunya ne. Suka ɗauko mai kaurin.

Ranar da ya fara wucewa da ita ta gaban shagona, tsayawa na yi da ɗinki. Ya saɓa ta a kafaɗa kamar mai zuwa farauta, har da sabuwar hula. Na ce masa Allah ya sa kifin su san an yi musu baƙo. Ya ce in tanadi barkono.

Jifa kam ta yi. Bayan ya sha fama da zare yana cukurkuɗewa, ya gane kan kwarkwaron, fulogi ya riƙa faɗawa tsakiyar rami inda manyan suke. Daga nan kuma sai shiru. Zai zauna riƙe da wannan gungume har hannu ya yi tsami, bai ji komai ba. In ya naɗo sai ya tarar ƙugiya fayau, an cinye tanar. Ya sa wata ya jefa, a sake cinyewa. Da asuba yana bayan rijiya yana tonon tana, da la'asar yana bakin rami yana rabawa. Mutanen gari, da ba a raba su da baki, suka ce Ilu ya bar kamun kifi ya koma kiwonsu.

Aka yanke gero, aka cire wake, ruwa ya fara ja. Ilu ya rame. Wucewarsa ta yamma ta koma abin da ba na son gani, sandar ba ta kafaɗa kuma, jan ta yake. In na yi masa sannu sai ya ɗaga hannu kawai. Na daina tsokanarsa, don abin ya wuce wasa. Gaskiya tausayi ya ba ni, har da haushi, tsoho yana ta zuba tana a rami kamar mai biyan bakance.

Wata rana ya shigo shagon ya zauna a kan benci, abin da bai saba ba. Ya ce ya gano, amma ya gano a makare. Da zai yi sallar la'asar a bakin ramin, ya jefa tsohon zarensa na gwangwani nan kusa, ya rataya a wani siririn reshen sabara don kada ya zame. Yana sallamewa ya ga reshen yana sunkuyawa yana ɗagowa. Ya ja, sai ga ɗan tarwaɗa kamar yatsa, ya mayar da shi ruwa. Ya ce ya daɗe zaune yana kallon reshen nan.

"Yatsa ya mutu, amma ido na nan," in ji shi. "Waccan mai rawar, rawar ce aikinta. Da ita zan ga abin da ba na ji. Ni kuma na je na zaɓo wadda ko jaki ya ja ba za ta motsa ba."

Alhamis na zagayowa ya koma Maigatari, wannan karon shi kaɗai. Ɗantsoho ya ce ai siririyar ta tafi tuni, ya nuna masa da baki can wajen da ake lodin kamiyo, manyan motocin kaya. Wani mai amalanke ne ya saye ta yana korar jakinsa. Ilu ya je ya gani da idonsa. An fizge zobban da zare ke bi, bakin ya karye, an naɗe gindin da tsumma. Mai amalanken ya ce bai taɓa samun bulala mai daɗinta ba. Ilu ya yi masa fatan alheri ya juyo.

Bai sallama nan take ba. Mai faci ne, ya yanko robar tayar babur ya ɗaure reshen sabara a bakin babbar sandar. In ya yi jifa da ƙarfi reshen ya karye, in ya yi a hankali fulogi ya faɗi a taɓon gefe inda ba kifi. Yana cikin wannan gwaje-gwaje mai shela ya zaga gari ya ce ranar Asabar za a yi su.

Aka yi su. Maza da mata suka shiga da kwanduna da tsofaffin gidajen sauro, taɓo har gwiwa. Ba a taɓa fitar da tarwaɗa masu ƙiba irin na bana ba, kowa ya faɗa, wasu ma har suna cewa a gode wa tanar Ilu. Shi yana zaune a kan tudu, an hana shi taka taɓo, sandar na kwance a gefensa.

Da yamma maƙwabciyarsu Sabuwa ta aiko wa Zinariya da manya guda biyu. Ina zauren gidan lokacin, na kai masa rigar da na gyara. Zinariya, wadda ita ce ta fi kowa matsa a koma Gumel, ta yi farfesu ta kawo da kanta ta ajiye a gabansa. Ta tsaya tana gyara mayafi, ba ta kalle shi ba.

"Malam, ga kifi ya shiga tukunya. Kai ka zuba su, kai ka ciyar da su. In aka ce naka ne ba a yi ƙarya ba. Ni zan faɗa wa Habibullah."

Na ɗauka zai karɓa. Wallahi na so ya karɓa. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya tura mini shi.

"Da hannuna na ce, Zinariya. Magana zarar bunu ce."

Bayan sati motar Gumel ta zo. Gwangwanin ƙugiyoyin ya bar mini shi a shago, ya ce in ba duk wanda ya tambaya, har yau kuwa ba wanda ya tambaya. Kwarkwaron yana nan a kan tagata, na naɗe zaren roba na ɗinki a jiki. Sandar dama biyu ake haɗa ta, sai ya cire rabin sama ya jefa kan rumfa, ya riƙe rabin ƙasa mai kaurin, don ƙafafun ma sun fara irin halin yatsun.

Hamma ya zo sallama. Ya ga Ilu ya dogara da sandar zai hau mota, ta ɗauke nauyinsa duka ba ta ko motsa ba. Ya juyo gare mu da murnarsa, don shi har ga Allah bai san abin da ya faru ba, ya ce ai ya faɗa tun a kasuwa, sanda ce ta gaske.

Ilu ya ce, "Ka yi gaskiya, Hamma. Irin wadda nake bukata ke nan yanzu."

Ya ja ƙafarsa ciki, ya kwantar da ita a kan cinya, Habibullah ya rufe ƙofa.