Kaset ɗin Yaya

Akwai wata ranar Lahadi da na san ba za ta fita daga raina ba har a kai ni makwancina. Shekara talatin da wani abu ke nan, amma duk lokacin da ta faɗo mini sai na ji kamar jiya aka yi.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Ɗansoshiya, ban yi aure ba, muna zaune ni da Inna a gidanmu. Ba na zaman shayi, ba na kallon ƙwallo. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne ƙananan rakodojin nan na aljihu da ake haɗa musu abin sawa a kunne. Ni da wani abokina, ma'aikacin ruwa a Tiga, tare muka kamu. In wata ya ƙare sai mu hau mota a Kwanar Dangora mu shiga Kano, mu wuni muna gwada na kunne: wannan sosonsa ya fi laushi, wancan ya fi fito da ganga, wancan kuma yana matse kai. Mun san batirin da ya fi daɗewa. Mun iya goge kan rakoda da auduga, mun iya naɗe zaren kaset da biro, in ya tsinke mu liƙe shi da jan farce. Rakodar da na fi ji da ita wata 'yar baƙa ce mai rediyo a jikinta, tana kuma ɗaukar magana. Muna ganin kanmu a matsayin masana, kuma a ƙauye babu mai ja da mu.

Yayana, ɗan farin Inna, ya tafi Makka neman aiki shekaru biyar kafin nan. Bai yi boko ba, don haka da alhazan garinmu za su dawo sai ya aiko da kaset maimakon wasiƙa. Ya cika gefe ɗaya da magana. Ya gaida kowa da sunansa, ya tambayi gonarmu ta fadama, ya ba da labarin gidan burodin da yake aiki, ya yi dariya har da tari a wurin da yake tsokanata wai na ƙi aure. Bayan wata huɗu saƙo ya zo cewa ya rasu, zazzaɓi na kwana uku, an binne shi can. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Kaset ɗin nan kaɗai ya rage mana.

Inna tana da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai dai ta ce "yayanka". Ranar da aka fara sa kaset ɗin a babbar rakodar maƙwabta, mata suka cika tsakar gida, ita kuwa ta tashi wai za ta duba tukunya. Ko a zaman makoki ba wanda ya ga hawayenta. Sai wata rana da la'asar, ina kwance a zaure da abin a kunne, na ɗaga kai na gan ta tsaye.

"Auta, wannan abin naka, in an sa a kunne, na kusa ba ya ji?"

"Ba ya ji, Inna."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ta ce, "To kawo in gani."

Na bi ta ɗakinta na gyara mata shi a kan ɗankwali, na nuna mata inda ake dannawa da inda ake mayarwa baya, na fita na saki asabari. Tun daga ranar, duk Juma'a in maza sun tafi masallaci sai ta karɓi rakodar. In na dawo sai in tarar da rakodar a kan katifata, kaset ɗin kuwa ta naɗe shi a tsumma ta mayar cikin kwalla. Ba mu taɓa yin zancen ba. Ni dai nakan tabbatar akwai sabon batir kowace Alhamis.

A makon da abin ya faru ta yi fama da mura, ba ta saurara ranar Juma'a ba, sai Lahadi da safe ta ce in ba ta. Tana gamawa aka shigo da labarin haihuwa a maƙwabta, ta yi sauri ta ajiye mini rakodar ta fita barka. Ta manta ba ta cire kaset ɗin ba.

Bayan azahar abokina ya iso a kan babur da sabon na kunne da ya samo. Muka shiga ɗaki muka kunna rediyo don mu gwada. Muna murɗawa sai ga wata waƙar Sudan da muka yi watanni muna nema, an fara ta ke nan. Ya dafa ni ya ce, "Ɗauka, ɗauka kafin ta wuce." Na leƙa ta 'yar tagar rakodar na ga kaset an mayar da shi har farko. Na zaci sabon da na saya ne. Na danna maɓallan nan biyu na ɗauka.

Muka zauna kai da kai, kowa da kunne ɗaya, muna murna. Waƙar ta ƙare aka sa wata, na ce a bar shi ya ci gaba. Haka muka bar shi har maɓallin ya ɗago da kansa. Da na buɗe don in rubuta suna a jiki, sai na ga ɗigon tawadar da Yaya ya yi a kusurwa don ya gane gefen da ya yi magana.

Kowane kaset yana da wasu 'yan haƙora biyu a ƙeyarsa, in ka karya su ba za a iya ɗaukar komai a kansa ba. Na san haka sarai, ni nake koya wa mutane. Duk kaset ɗin waƙoƙina na karya musu. Na Yaya kuwa, shekara guda yana shiga rakodata yana fita, bai taɓa zo mini a rai ba.

Abokina ya miƙe. Ya naɗe wayar na kunnensa ya tafi ko ruwa bai sha ba.

Washegari na nemi izini a makaranta na tafi wurin wani mai gyaran rediyo a Kwanar Dangora. Ya ce ba shi da dabara. Na wuce Kano na zaga wurin mutum huɗu. Na ƙarshen, wani dattijo, ya saurara da kyau ko akwai abin da ya saura a ƙarƙashin kiɗan, sannan ya miƙo mini ya ce, "Malam, abin da aka hau kansa ya tafi. Ka yi haƙuri."

Juma'a uku ina yi wa Inna ƙarya. Na ce batir ya ƙare. Na ce rakodar ta lalace. Na ce an kai ta gyara, kaset ɗin ya maƙale a ciki. A ta huɗu ina ɗaura agogo zan fita masallaci, ta kira ni.

"Auta, ba rakodar ce ta lalace ba, ko?"

Na durƙusa a bakin ƙofarta na faɗa mata duka, kaina a ƙasa. Ta ce in ɗauko. Na ce babu komai a ciki sai kiɗa. Ta ce ta ji, in ɗauko dai.

Wannan karon ba ta ce in fita ba. Ta sa abin a kunne ta danna da kanta. Ina kallonta rabin awa tana zaune, hannayenta a cinya, tana sauraron waƙoƙin da ba ta san harshensu ba, ko Allah zai sa wata kalma ta tsira. Da ya ƙare ta ce in juya ɗaya gefen. Na ce Yaya bai yi magana a nan ba. Ta ce in juya. Shi ma ta saurare shi har ƙarshe, babu komai sai shuuu. Ranar ban sami Juma'a ba.

Ta cire ta miƙo mini. "Wanda ya ba ni shi ya karɓa. Wannan ma haka. Tashi ka je."

Da ta zage ni ko ta ɗaga hannu, da na sami inda zan ajiye abin. Ba ta sake tada zancen ba sai bayan kaka, muna ɓarar gyaɗa mu biyu. Ba ta dube ni ba ta ce, "Me ma yake cewa a wurin nan da ya yi dariya?" Na maimaita mata kalmomin yadda na tuna, har na ɗan kwaikwayi yadda yake jan magana. Ta girgiza kai. "Ba haka muryar take ba." Can kuma ta ce, "Ta fara ɓace mini, Auta."

Damina biyu ta ƙara a duniya.

Abokina yana nan da rai, mun tsufa. In mun haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza, yakan fara zancen rakodojin da muka riƙe, wacce ta fi wacce, sai mu kai wani wuri mu sauya zance. Sau ɗaya ya ce da bai ce in ɗauka ba. Na ce masa yatsana ne ya danna. Ni ma yanzu na neme ta a kaina na rasa, muryar Yaya. Waƙar kuwa har gobe ina iya rera ta daga farko zuwa ƙarshe, kuma na sha jin ta a rediyo bayan haka, kyauta.

Abin da na koya shi ne, mutum yana iya ƙwarewa a kan abu, ya zuba duk kulawarsa a kan ɓangaren da yake yi masa daɗi, ya bar amanar da aka sa a hannunsa a buɗe. In abin wani ya shigo hannunka, musamman wanda babu irinsa, shi za ka fara tsarewa kafin naka. Inna ta yafe mini, na tabbata da haka. Amma yafewar ba ta mayar mata da ɗanta ko na minti ɗaya ba.