Wayon Kawuna a Darasin Ingilishi

A shekarata ta uku a kwaleji a Malanville, malamin Ingilishi, wanda muke kira mushe kamar sauran malamai, ya rubuta mana shrewd a allo. Ya ce Hausa ta zuba mai hangen nesa da macuci cikin kwando ɗaya ta ce wayo. Wannan kalma kuwa ta mutumin da ke riga kowa ganin abin da ke tafe ce, ya ci moriyarsa ba tare da ya yi ƙarya ba. Sai ya nemi misali daga garinmu.

Wani ɗan masu shago da ke zama a baya ya ce ga labarin kawun wancan, yana nufin ni. Kowa ya san shi ban da mushe, da yake mutumin Kandi ne.

Kawuna yana da gonar shinkafa a bakin gulbi a Garou, wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba. Wata shekara ya lura gaɓar ta fara tsagewa, ruwa na cin ta ta ƙasa. Bai faɗa wa kowa ba. Ya je wurin abokinsa na yarinta, mai busasshiyar gona a tudu, ya ce gwiwoyinsa sun gaji da taɓo, su yi musanya. Abokin ya yi ta godiya, har ya yanka ɗan akuya ya aiko mana da cinya, muka ci. Da damina ta yi nisa gulbi ya cika, ya tafi da gonar da shinkafar da ke kanta. Kawu ya haƙa rijiya a tudu ya shuka albasa. Da liman ya yi masa magana, cewa ya yi mutumin ya zaga gonar da ƙafarsa, kuma ba makaho ba ne.

Yaron ya ba da labarin da daɗi, ana ta dariya. Mushe ya ce misalin ya zauna daram, ya duba wanda zai rubuta jimla. Idonsa ya faɗa kan yarinyar da ke kusa da taga, don ita kaɗai ba ta yi dariya ba, ya ɗauka ba ta gane ba. Ɗiyar abokin kawun nan ce, wanda gulbi ya cinye wa gona.

Ta tashi ta karɓi alli. Ba wanda ya gaya wa mushe ko ita wace ce. Ta rubuta da Ingilishi cewa manomin mai wayo ne, ta manta harafi ɗaya a tsakiyar kalmar. Mushe ya sa ta goge ta sake, sannan ta karanta da ƙarfi har sai ya gamsu da lafazin.

"To shi ɗayan fa," in ji shi, "wace kalma ta dace da shi?"

"Babana ne, mushe," ta ce.

Aji ya fashe da dariya. Mushe ya juya shafi.

Ba ta ƙarasa shekarar ba. Iyalinsu sun dawo gari, uban yana dako a kasuwar albasa. Na sha ganinsa da buhun kawuna a ka yana hawa mota, kawu na zaune a inuwa yana kiransa da sunan wasansu na yarinta, yana ce masa ya yi a hankali kada albasar ta ƙuje.