Kunyar Ɗan Fari a Gidan Raino

Akwai wata Asabar da ba na jin zan manta da ita muddin ina raye, ko da yake babu wani tashin hankali da ya faru a cikinta. Yawon neman gidan raino kawai muka fita ni da surukata. Amma har yau idan na ga mai jego tana shirin komawa bakin aiki, sai ranar ta dawo min sabuwa fil.

Lokacin muna zaune a Unguwar Mu'azu, ina aiki a ofishin wani kamfanin rarraba magunguna a Kakuri. Hutun haihuwata ya ƙare, na ɗora na shekara a kai, shi ma ya zo gangara, ranar Litinin ake jirana. Maigidana sai ƙarshen wata yake leƙo mu daga inda yake aiki. Mahaifiyarsa, Hajiya, tana nan kusa a Unguwar Sanusi, amma ciwon gwiwa ba zai bar ta ta bi yaro mai rarrafe ba. An ba ni shawarar a kawo min yarinya daga ƙauye, na ce a'a, yaro ba ya rainon yaro.

Yaron nan shi ne ɗana na fari, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan ke nufi. Ba na kiran sunansa. Gaban manya ba na yi masa wasa, ko kuka yake sai an ce, "Ke, ɗauke shi mana," sannan in miƙa hannu kamar an yi min dole. 'Yan ofishinmu sun sha yi min tsiya, wai da digirina da komai ina kunyar ɗan da na haifa. Ni dai haka na ga uwata ta yi da babbar yayarmu, kuma har gobe ban ga aibun abin ba.

Sai dai akwai abin da ke cina a rai. Yaron yana shiɗewa. Idan ya buge ko aka ƙwace masa abu, sai ya buɗe baki zai tsala ihu, kukan ya maƙale, leɓɓansa su yi duhu, jikinsa ya saki na ɗan lokaci kafin numfashi ya dawo. Likita ya duba shi ya ce ba farfaɗiya ba ce, zai daina idan ya girma. Amma ya ja min kunne sosai: a kwantar da shi ta gefe, kada a jijjiga shi, kada a ɗura masa ruwa, kada a cusa masa komai a baki. Duk wanda zan bar wa yaron nan dole ya san wannan. Hajiya kuwa tun a gida ta yanke magana. "Rigima ce kawai," in ji ta. "Kada a je ana yayata shi a gari, gobe a ce jikana yana da farfaɗiya." Yaya zan yi musu da suruka, a kan ɗan fari kuma? Na ce to, na goya shi muka fita.

Wurin farko a Barnawa yake, kuma gaskiya ya haɗu. Ga sanyin na'ura, ga kayan wasa kala-kala, har da kyamarar da uwa za ta riƙa kallon ɗanta ta waya. Budurwar da ta zagaya da mu sai zuba Turanci take. Sai da muka zo ƙofar fita ta ce, "Ba shi da wata matsala dai ko?" idonta yana kan wayarta. Hajiya ta ce, "Lafiyarsa ƙalau." Na haɗiye maganata muka wuce.

Na biyu gidan wata maƙwabciyar Hajiya ne, mace mai fara'a da son mutane, yara cike da ɗaki ɗaya. Cikin nuna mana ƙwarewarta ta ce, "Ni ai ko sanƙarewa yaro ya yi, cokali da albasa sun ishe ni." Abin da likita ya hana, shi ne abin alfaharinta. Na saci kallon Hajiya, fuskarta ba ta nuna komai ba, ta dai ce za mu yi shawara.

Na ukun wata abokiyar aikina ce ta kwatanta min, 'yar Ibo da mijinta ke sayar da kayan gyaran mota a Kakuri. Ta ce a can aka yi mata rainon 'ya'yanta duka. Gida ne madaidaici, ƙofarsa a rufe da sakata, tsakar gidan a share tas, yara suna ta hidimarsu a kan tabarmi, mata biyu suna zaune a ƙasa tare da su. Mai wurin dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, ta yi aiki a ɗakin yara na asibiti kafin ta yi ritaya. Kowa Mama yake ce mata. Ta rusuna ta gaida Hajiya da Hausarta kamar jakin Kano, ta jawo mata kujera.

Sai ta juyo gare ni. "Yaya sunan babban mutumin?" Na sunkuyar da kai, Hajiya ta amsa. "Me ya fi so ya ci?" Na ci gaba da kallon ƙasa, Hajiya ta sake amsawa. Mama ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta yi murmushi ta ce, "Ashe na fari ne." Ba ta ƙara tambaya ba. Ta sa aka kawo wa Hajiya kunun gyaɗa, ta kwance yaron daga bayana ta ɗora mata a cinya.

"Hajiya, ki huta da ƙafar nan, ki taya ni sa ido a kan jikokinki," in ji ta. "Zan ari 'yarki ta taya ni kwashe shanya, na ga kamar hadari na haɗuwa."

Muka zagaya inda igiyar shanya take. Ko tsinke ba ta bari na taɓa ba. Ta juya bokiti ta ce in zauna. "To 'yata, nan daga ni sai ke. Ba ni labarin ɗanki."

Ban san ina da magana haka a cikina ba. Na faɗa mata ba ya karɓar bulunboti sai cokali, ba ya barci sai an dafa masa baya, yana tsoron ƙarar injin niƙa. Sannan na faɗa mata shiɗewar, ina kallon fuskarta, ina jira in ga ta ja da baya. Ba ta ja ba. Tambayoyi ta shiga yi min: me ke tayar masa, yaya launin bakinsa yake komawa, me likita ya ce. Ta ciro tawul daga igiya ta naɗe shi kamar jariri ta miƙo min. "Oya, nuna min yadda kike kwantar da shi." Na nuna mata, ta karɓa ta gwada a gabana.

"Na sha gani a asibiti," ta ce, "amma ban taɓa riƙe mai yi a gidan nan ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Yau ɗin nan zan koya wa masu taya ni. Ranar da kuma na ga ya wuce yadda kika faɗa, asibiti zan nufa da shi, a hanya zan kira ki."

Cikin maganar ne na ji sunan yaron ya fito daga bakina, karon farko a gaban wani. Sai hawaye. Ta bar ni na yi abina, tana ninke kaya kamar ba ta gani ba. Na ji sanyi a raina irin wanda rabona da shi tun ranar da ya fara shiɗewa.

Muka shiga keke muka kama hanyar gida har muka yi nisa. Can sai Hajiya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kin faɗa mata?"

Na ce, "Na faɗa, Hajiya."

"Kin kyauta. Ai na duba sama, ko ɗigon hadari babu." Ta gyara wa yaron hula. "Ba kowa ake buɗe wa ciki ba, shi ya sa na hana ki. Amma wannan ta san abin da take yi." Sannan ta ce, "Mai gidan naki ma haka ya yi ta yi yana ƙarami. Ni kaɗai na sha fargabata. Shi ne na fari, wa zan faɗa wa? Babu wanda ya taɓa jana gefe ya tambaye ni."

Matar da nake ganin abin bai dame ta ba, ashe shekara da shekaru tana ɗauke da irin kayan da ke kaina. Ranar Litinin ita ce ta riga ni shirya jakar yaron.

Ya shiɗe a hannun Mama bayan 'yan makonni, wani yaro ya fizge masa ƙwallo. Ta kwantar da shi yadda muka yi, numfashi ya dawo, sannan ta kira ni ta faɗa min komai dalla-dalla. Da na je ɗaukarsa da yamma yana zaune yana cin ayaba. Yanzu ya shiga sakandare, ya daɗe da mantawa da wata shiɗewa, kuma har yau ba na kiran sunansa gaban Hajiya.

Abin da ranar nan ta koya min shi ne, kyan gini da kayan wasa ba su ne ke riƙe yaro ba. Idan za ki bar ɗanki a hannun wata, ki duba ko ta damu ta san shi, ko kuma nuna miki wurinta kawai take son yi. Wadda ta lura uwa tana da magana a baki, ta nemi hanyar jin ta ba tare da ta kunyata kowa ba, ita ce za ta lura da jaririn da ko magana bai iya ba.