Waƙar da Sulaimanu Ya Yi Ta Wankewa

A hawan Ladeira da Praça, cikin birnin Salvador, babu ɗan dakon da bai san muryar Sulaimanu ba. Bazazzagi ne, an kamo shi yana saurayi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya ƙetare teku. Aikinsa ɗaukar Turawa a kujera, shi a gaba, amininsa Ɗanbaba a baya, su hau tudu suna haki. Ko bayan ya fanshi kansa, sana'ar ba ta sauya ba. In kaya ya yi nauyi shi ke ba da waƙa, saura su amsa. Waƙoƙin shirme ne, na zolayar mai tumbi da marowaci, shi ma ya san haka.

Waƙarsa ta gaske daban take. Baitoci ne da ya tsara a kan rayuwarsa: rijiyar ƙofar gidansu, uwarsa tana kaɗi da mazari, ranar da aka sa masa igiya a wuya, har da abin da ba a faɗa, cewa a cikin jirgin bayi ya yi fushi da Ubangijinsa ya bar salla. Da ajami yake rubuta ta a allo, ya karanta wa kansa, ya gyara, sannan ya wanke allon tas kafin tawada ta gama bushewa.

Yana da hujja. Tun boren Musulmi na 1835, duk baƙin mutum da aka kama da takarda mai haruffan Larabci, bulala ce ko kurkuku, kuma Sulaimanu ya ga tabon bulala a bayan waɗanda aka yi wa. Amma a faɗi gaskiya, tsoronsa biyu ne. Yana kuma shakkar abin da malamai 'yan'uwansa za su ce a kan baitin jirgi.

Ɗanbaba kaɗai ya taɓa jin ta duka, kuma sai da ya share hawaye. Shekarar da ya samu gurbi a jirgin da zai koma Ikko, da kansa ya kawo takarda.

"Rubuta mini ita, Sule, in ɗinke ta a wuyan riga. Ko a zango na rera, wani zai kai ta Zazzau."

"In aka bincike ka a bakin ruwa fa?"

"Bayana zai sha, ba naka ba."

"Ba ta gama nuna ba tukuna. Bari sai wani jirgin."

Wai ba ta nuna ba! Waƙar da ta girmi 'yarsa Altine. Haka ya raka amininsa bakin teku, ya sallame shi da addu'a kawai, ya dawo gida da farar takarda.

Jirage sun zo sun tafi, Sulaimanu yana ta jan ƙafa. Hausawan garin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa ta koma Yarabanci, yara suka tashi da yaren Fotugal, ita kanta Altine daga gaisuwa ba ta jin komai a Hausa. Sai da ya tsufa, ido ya dushe, 'yan sanda ma suka daina kallon irinsa, sannan jarumtar ta zo masa. Allah sarki. Ya zauna a hasken hantsi, ya rubuta ta kaf, bai tsallake baitin jirgi ba. Ya ninke ya ba Altine, ya ce ta adana.

Ranar Juma'a Altine ta zo gaishe shi da jaririnta. A wuyan yaron akwai sabon ƙunshin fata, an ɗinke shi gam.

"Baduku na kai wa takardar, Baba," ta ce da yaren Fotugal, tana fara'a. "Tun da na rataya masa layar nan taka, tarin ya tafi."

Sulaimanu ya karɓi jikansa, ya shafa ɗinkin da yatsa. Nadama ta cika masa ciki. Ya buɗe baki zai yi mata bayani, sai ya tsaya yana laluben wanda ya rage a Salvador da zai iya karantawa in an farke ta. Ya bi unguwa-unguwa a ransa, bai samu ko mutum ɗaya ba.

"Allah ya raya shi," ya ce, ya miƙa mata yaron.