Hira da mai kamara ta raba ni da unguwata

Lokacin da abin nan ya same ni, ni mace ce mai ɗan butik a La Courneuve, a gefen Paris. 'Yar Damagaram ce ni, na daɗe a Faransa, takardun zamana cikakku ne. Maigidana ya rasu, ɗana guda yana aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, kusa da Lyon. Ina sayar da kilishi da kuka da daddawa da turaren wuta, kuma matan unguwa sun mai da wurin majalisarsu. Hajiya kowa ke ce mini.

A shekarar ana ta gardama a tele, wato talabijin, kan baƙi. Wasu na cewa mun ƙwace ayyuka mun cika asibitoci, wasu na cewa ba don mu ba da gini da shara sun tsaya. Abin yana ci mini rai. Sai wata ɗaliba 'yar Maraɗi da ke zuwa sayen yaji ta kawo mini wani Bature mai kamara, ta ce shiri yake haɗawa kan baƙin da suka kafa sana'a suke biyan haraji. Tun ganin farko hankalina bai kwanta da shi ba, don fara'arsa ta yi yawa, kuma idonsa ya fi zama kan masu shigowa. Amma na ji daɗin a ce yau za a saurare mu. Na daɗe ina magana da Faransanci, na ba shi labarin zuwanmu, da layin sabunta takardu a Bobigny, da matan da na koya wa sana'a. Can ƙarshe ya tambaye ni yadda nake ganin yaran da ke shigowa ta teku. Na tuna ɗan ƙanwata da ya bi ta Agadas ba a sake jin ɗuriyarsa ba, na ce wallahi gara su zauna gida, nan ba abin da ke jiransu sai wahala.

Wannan maganar kaɗai suka ɗauka. Ba a tele ta fito ba, a waya ta bazu, da fuskata da ƙofar butik ɗina, an rubuta a ƙasa cewa 'yan Afirka da kansu sun ce a mai da baƙi gida. Na kira lambar mutumin, ba ta shiga. Ana cikin haka 'yan sanda suka shiga ma'ajiyar kayan wani Alhaji da ke layinmu, suka tafi da samarin da ke yi masa dako ba takardu. Ɗaya cikinsu ƙanen maƙwabciyata ne.

Ba wanda ya zo ya ce ni na kai rahoto. Sai dai in na shiga wuri, hira ta mutu. Alhaji ya koma amsa gaisuwata a taƙaice. A masallaci matar da muka saba jerawa a sahu ta koma can gefe. Da na hau bene wurin maƙwabciyata don jaje, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ba ni hanya ba, ta ce ta ji, Allah ya saka wa kowa da abin da ya yi. Na rantse mata, ta ce ai ba ta ce komai ba. Ni ma sai zargi ya shige ni. Duk wanda ya shigo da waya a hannu ina ganin ɗaukata yake. Ɗalibar ta zo tana kuka, ta ce ita ma yaudararta aka yi, a wani taro kawai ta haɗu da shi. Na dube ta na kasa gane ko gaskiya take faɗi. Har yau ban sani ba.

Da ciniki ya mutu, ɗana ya ce in rufe in dawo wurinsa. Na rufe na koma can, na yi zaton a Lyon ba wanda ya san ni. Wata rana a kasuwa wata tsohuwar Baturiya ta riƙe hannuna da murna, ta ce ta gane ni, ni ce jarumar matar nan, da duk baƙi irina ne da ƙasar ta zauna lafiya. A bayanta akwai samari biyu baƙar fata cikin kayan aiki, sun ji komai. Ɗayan ya dube ni, ya kau da kai. Na bar kayan miyar da na zaɓa a kan teburin mai sayarwa na koma gida.

Abin da na gane shi ne masu wannan gardama ba labarinmu suke nema ba. Sun riga sun gama yanke hukunci, fuskar da za su liƙa a kai kawai suke so. Mu kuma tsoron kora ya sa ba ma jiran hujja kafin mu juya wa juna baya. 'Yan'uwana na ƙasashen waje, in mai kamara ya zo muku, ku tambayi wanda ya aiko shi da inda maganar za ta fita, in bai faɗa ba ku sallame shi. In kuma kun ga ɗan'uwanku a waya yana faɗin abin da ba ku san shi da shi ba, ku je ku tambaye shi. Ni ba wanda ya tambaye ni.