Sharifu da Sitiyarin Jirgi

Labo ya zauna kan tsohuwar taya a ƙofar gidan taubashinsa Sharifu a Malbaza, ya zurma ciki, ƙafafu sama. Sharifu ko kallonsa bai yi ba, idonsa na kan waya.

Tun yana saurayi Sharifu ke jan tirelar siminti, kuma bai taɓa yarda wani ya tuƙa shi ba. Ga shi bana 'yarsa ta biya masa kujerar Makka. Tun ranar yake kallon ɗakin matuƙan jirage a waya: wani da rabin sitiyari da ake ja zuwa ƙirji, wani da ƙaramar sanda a gefe kamar giyar mota. Yakan lumshe ido ya ja iska da hannu biyu kamar yana riƙe da sitiyarin jirgi, ya ga gonakin gero sun koma tabarma can ƙasa.

"In mai sanda ne, ba ni shiga," in ji shi. "Ba a riƙe rayukan mutane da hannu guda."

Labo ya ce, "To Alhajin gobe, sai in goya ka a babur ɗina na kabu-kabu har Makka."

"Kai ka tuƙa ni? Ko da ɗan yatsa ake jan jirgin, shi zan shiga."