Kiɗan Surukina

Na yi rayuwata a bakin injin niƙa a Shagari. Tun ina iya ɗaga buhu ni kaɗai har furfura ta rufe ni, geron Kajiji da dawar Lambara ta hannuna suke bi. Injin ya ciyar da ni, ya aurar mini da 'ya'ya, kuma shi ya cinye mini kunne. Muryar mata da yara ce ta fara ɓace mini, sai kukan tsuntsaye. Da na je asibiti a Sakkwato, likita ya ce abin ba ya warkewa, ƙaruwa zai yi. In akwai abin da nake son ji, in ji shi tun yanzu.

A hanyar dawowa ruwa ya tsare ni a Bodinga, na fake gidan autata. Mijinta malamin sakandare ne, yana koyar da fiziks, ilmin yadda abubuwa ke motsi da faɗuwa da ƙara. Ina zaune a rumfa bayan azahar sai na ji wani sauti daga ɗakinsa, kamar injin da bel ɗinsa ya saki, ganga na bugawa ba hutu a ƙarƙashi. Na kasa kunne yadda nake yi wa injina in yana ciwo. Can cikin hayaniyar akwai wani amo mai tafiya a hankali, yana hawa yana sauka, mai sanyi da ban tausayi. Na daɗe ban ji wani abu ya shigo kunnena ba tare da na yi kokawa da shi ba.

"Auta, mi ya lalace ɗakin Malam?"

Ta yi dariya har ta dafa bango. "Baba, ba abin da ya lalace. Kiɗi na."

Ta ce na mutanen ƙasashen ƙanƙara ne, sunansa bilak metal, kuma wanda mijinta ya fi so shi ne mai tsawo da ke kama da iska a daji. Kafin ta rufe baki sautin ya ɗauke. Malam ya fito ba takalmi, ya durƙusa daga nesa, ya gaishe ni idonsa a ƙasa, ya fice daga gidan cikin ruwan.

Haka ya kamata ya yi. A wurinmu suruki ba ya zama da uban matarsa, ba ya cin abinci gabansa, balle hira. Ni ma haka na yi wa nawa har ya koma ga Allah, ban taɓa sanin kalar idonsa ba. To ta yaya dattijo kamata zai buɗe baki ya ce wa mijin 'yarsa ya sake kunna masa wannan ihu?

Na koma Shagari abin yana cina. Damina ta wuce ina ta shawara da kaina, kunnen kuma bai jira shawarata ba. Da na ga kiran salla ya fara yi mini nisa, sai na kira Auta a waya, na yi ta kewaye-kewaye kafin na tambaye ta ko mawaƙan nan saɓo suke yi.

Daga nan ta zama 'yar aike. Malam ya ce akwai masu saɓo a cikinsu, ba ya sauraron su. Nasa kiɗan zancen duwatsu ne da itatuwa da kaɗaici, wasu ma ba magana ko ɗaya. Na ce a tambaye shi don me nake jin wannan alhali ba na jin jikokina. Ya ce sauti girgizar iska ne, siriri yana girgiza da sauri, kakkaura a hankali, kuma kunnen da inji ya gajiyar siririn yake fara saki. Ya ƙara da cewa ƙashi ma yana ɗaukar sauti, in dafa kwanon injin in gani. Na dafa, na ji shi har haƙorina. Tun ina saurayi nake dafa kwanon nan, ban taɓa tambayar dalili ba.

Wata ranar kasuwa na je Bodinga, Auta ta tare ni a ƙofa.

"Baba, na gaji. Kai ka aiko, shi ya aiko, ni da ko lissafi ban ci ba. Jiya tuwona ya kama ina bayanin iska."

"To mi kike so a yi? A zubar da kunya?"

"Wa ya ce ku dubi juna? Talabijin za ku duba."

Ta jera kujeru biyu a falo, duka suna fuskantar talabijin, da tazara a tsakani. Malam yana da wani wasa da yake yi a talabijin in ya taso makaranta, ana gina gada da katakai a kan kogi, sannan a tura mota da kaya ta bi. In an yi daidai ta haye, in an kuskure ta afka ruwa. Auta ta sa mini abin maɓallan da ake wasan da shi a hannu, ta kunna kiɗan, ta jawo sifika kusa da ni. Malam ya shigo kamar wanda za a yi wa allura, ya zauna a gefen kujerarsa.

Muka zuba wa kogin ido. Malam ya ɗauki nasa abin maɓallan ya ɗora katako, na ga ba zai yi ba.

"Auta, a gaya wa Malam tsakiyar nan tana son tokari."

Ya ɗaga murya don in ji. "A gaya wa Baba in an tokare nan, gefe zai buɗe."

Sai da muka yi musu mai tsawo kafin na lura Auta tana madafa tun tuni. Muka bi shawarata. Motar ta kai tsakiya, gadar ta buɗe ta gefe, buhuna suka bi ruwa. Ban juya ba, amma ta gefen ido na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Na sami ɗan rabo. Watannin da suka biyo baya na ji kiɗan nan da kunnena, har na iya rarrabe wanda ke farawa da ruwan sama da wanda ke farawa da kukan jita ita kaɗai. Nakan tuna daminar da na ɓata ina shawara, na san da ban ɓata ta ba, da na ji fiye da haka. Amon nan mai sanyi ya tafi bara, bai dawo ba.

Yanzu ganga ce ta rage mini, ita ma ta tafin hannu. Duk ranar kasuwar Bodinga ina kujerata, hannun hagu a kan sifika, Malam yana gina gadarsa. Makon jiya ya sauya kiɗa, na ji bugun ba wanda nake so ba ne. Na ɗaga yatsa. Ya mayar da na farkon, muka ci gaba da kallon kogi har la'asar.